Ruwa na taruwa a ƙasan jirgin fiba a Lagdo, ta ina yake shiga?

Baban Hamza, Garwa
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Jirgi ne na fiba, tsawonsa mita 5, faɗinsa ya kusa mita 2, da injin Yamaha mai doki 40 ɗaure a baya. Na shan iska ne da ɗan kamun kifi da ƙugiya, a tafkin Lagdo yake kwana. In an kwashe ruwan da ke ƙarƙashin daɓe da yamma, kafin gari ya waye sai a tarar da kusan jarka guda mai lita 20 a kwarin baya. Ranar da aka yi yawo da shi kuma abin ya fi haka. An leƙa jikinsa ta waje, ba a ga tsaga ba. Yaron da ke kula da shi ya ce a sayo silikon a bi duk mahaɗa a shafe. Me kuka gani?

Kawu Mai Fiba, Garwa
Wa alaikumus salam. Alhaji, a jingine maganar silikon tukuna. Duk abin da aka shafa kafin a gano ƙofar ruwan, shaida kawai yake rufewa. Sannan silikon yana barin santsi a jikin fiba, wanda ke hana gam na ƙwarai kamawa daga baya ko da an kankare.

Jirgi kamar rufin soro yake: inda ka ga yana ɗiga ba lalle nan ya tsage ba. Duk ruwan da ya shiga, ta goshi ko ta gefe, kwarin baya zai gangaro saboda nauyin inji da tanki da batir. Ganinsa a baya bai nuna komai ba.

Abin yi na farko shi ne a raba lokuta uku, kowane da ƙofofinsa. Jirgi yana tudu, jirgi yana ɗaure a ruwa inji a kashe, da jirgi yana gudu. In ya tara ruwa yana tudu, daga sama ne. In ya tara yana ɗaure ba a yi ruwan sama ba, ƙofar tana ƙasa da inda ruwa ke tsayawa a jikinsa. In sai ya yi gudu yake tarawa, a nemi ƙofar a sama da wannan layin ko a wajen inji. Naka ya nuna biyu cikin ukun, don haka kada ka yi mamaki in ƙofar ta fi ɗaya.

Ka ba mu amsar waɗannan: ana rufe shi da tamfol? Daren da aka yi ruwa da daren da ba a yi ba duk ɗaya ne? Akwai famfon tsotse ruwa a ƙasa?

Malam Injiniya, Injamena
Kafin Alhaji ya amsa, ga lissafi don mu san girman abin da muke nema.

Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Buɗaɗɗen jirgi mai wannan girman yana tarar ruwa a faɗin murabba'in mita 7 ko 8. Hadari ɗaya na watan Agusta mai milimita 30 ya ishe shi ya zuba lita 200 da ɗoriya. Ko da tamfol, in ya yi aljihu a tsakiya ko yana da huda, lita 20 ba komai ba ne.

Ta ƙasa kuwa, huda mai faɗin milimita 2 a zurfin santimita 30 tana shigar da kusan lita 16 a awa ɗaya. Mai milimita 10 a wannan zurfin tana kai lita 400 a awa. Ramin zubar ruwa na baya, mai milimita 25, in aka manta ba a toshe ba, ya fi lita 30 a minti ɗaya. To lita 20 cikin awa 12 ba ta kai lita 2 a awa ba. Ke nan ba rami muke nema ba, tsattsafo ne da ido ba zai gani daga waje ba. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa yana tara lita 4 da 'yan kai a kwana guda. A daina leƙen ƙasan jirgi da ido, a koma awo.

Baban Hamza, Garwa
Na gode Kawu, na gode Malam. Akwai tamfol amma ya tsufa. Ba a taɓa kwatanta daren ruwa da daren da ba ruwa ba. Famfo akwai, mai tashi da kansa, amma ana cire kan batir da dare.

Baba Mai Fito, Lagdo
Alhaji, masu jirgin teku suna ɗanɗana ruwan su ji ko da gishiri. Mu nan wannan ba ta aiki, daga Binuwai har Logon da Shari ruwan daɗi ne. Amma damina ta ba mu wata hanya. A samu kwalabe biyu masu haske, ɗaya a ɗebi ruwan ƙasan jirgi, ɗaya a ɗebi na tafki a gefensa, a ajiye su awa biyu. Ruwan tafki a damina ja ne, zai kwantar da laka a gindin kwalba. Na sama fari ne, sai dai ɗan ƙura da ganye. Sharaɗi shi ne a wanke ƙasan jirgin tas kafin gwajin, in ba haka ba tsohuwar laka za ta ruɗe ku. In ruwan ya fito kalar shayi, ba ja ba ba fari ba, to ta cikin katako ya biyo, kuma wannan ita ce mara daɗin ji.

Usta Makanike, Kusuri
A sansana ruwan ma kafin komai. In akwai warin fetur ko ana ganin maiƙo yana sheƙi a samansa, kada a kunna famfo, kada a taɓa kan batir, kada kowa ya sha taba a wurin. Tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙarƙashin daɓe yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A buɗe ko'ina iska ta shiga, a kwashe da soso da bokiti, sannan a bi tiyon mai daga tanki har inji.

In ba wari, ga inda nake zargi a bangon baya, bi da bi. Na ɗaya toshiyar ramin zubar ruwa. Zafin Maris da Afrilu yana busar da robarta ta tsattsage, kuma yashi yana cin bakin ramin. Ba robar kaɗai ba, bututun da aka dasa a ramin ma yakan saki jikin fiba. Na biyu notikan da suka riƙe inji. Guda huɗu ne, galibi milimita 12, kuma biyun ƙasa suna dab da ruwa ko a cikinsa in baya ya yi nauyi. Inji mai kilo 70 zuwa 100 yana girgiza su kullum, gam ɗin da ke ramin ya gaji ya saki. Na uku duk wani sukuru da aka ɗaura a bangon, na tsani ko na na'urar auna zurfi, har da tsofaffin ramukan da aka cire abu aka bari.

Na lokacin gudu kuma, a duba ɗan kwarin da ke gaban inji. Yana da ramukan fitar da ruwa guda ɗaya ko biyu, leda da ganye na toshe su. Da an rage gudu farat ɗaya, igiyar ruwan da ke bin jirgi ta haura ta cika shi, ruwan ya bi ta ramin da kebur ɗin sitiyari da tiyon mai suka ratsa. In robar wannan ramin ta yage, duk tsayawa sai an sha lita biyu ko uku.

Ɗan Bakin Shari, Injamena
Ni a ganina duk wannan dogon zance ne. A ɗora shi kan tirela, a toshe ramin baya, a cika shi da ruwa, a kwanta a ƙasa a duba. Inda ya ɗigo nan ne. Awa ɗaya an gama.

Kawu Mai Fiba, Garwa
Ɗan'uwa, hanyar tana aiki amma ba a ce "cika" ba. An ƙera jirgi ne ruwa ya tallafe shi ta waje ta ko'ina. A kan tirela wurare kaɗan ne ke ɗauke da shi. In aka cika, ƙasan ya lotsa a kan gwafannin tirela, haƙarƙarin ciki ya saki, an je neman tsaga ɗaya an dawo da uku.

Malam Injiniya, Injamena
Kawu ya faɗi gaskiya. Lita 1 kilo 1 ce. Ƙasan wannan jirgin in an zuba ruwa zurfin santimita 20 kacal ya kusa tan guda, ƙaramar tirela da tayoyinta ba za su ɗauka ba. In za a yi, a tsaya a santimita 8 zuwa 10 a kwarin baya, a tokare tirelar da bulo, a cire batir, a ɗaga goshi ruwan ya taru a baya, a duba, sannan a sauke goshi ya koma gaba.

Akwai wata matsala kuma. Ruwan tafki ta waje yake turowa, na gwaji ta ciki. Wata tsagar nauyin jirgi a kan tirela ke matse bakinta, sai ta ƙi ɗiga a tudu alhali a ruwa tana sha. Jirgin da ke da bango biyu da soso a tsakani kuwa, ruwan na iya ɗaukar yini kafin ya fito, kuma ya fito nesa da inda ya shiga. Ga jirgin alminiyam mai ribit gwajin tirela ya fi kowane kyau. Ga na fiba, in ya ɗiga ka samu, in bai ɗiga ba ba ka wanke shi ba.

Ɗan Bakin Shari, Injamena
Na ji na nauyi. Amma har yanzu ina cewa a fara da shi, don ba ya cin ko sisi kuma toshiyar baya a nan take za ta tona kanta.

Kawu Mai Fiba, Garwa
Toshiyar baya kam za ta nuna, ban musa ba. Sai dai notikan inji sun fi santimita 10 tsawo daga ƙasa, gwajinka ba zai kai su ba. Wanda zan faɗa shi ma ba ya cin kuɗi, kuma jirgi na cikin ruwa ake yinsa.

Alhaji, a zaɓi daren da ba hadari. A buɗe duk murafun daɓe. A kwashe ruwa da bokiti, a bi da soso, a bi da tsumma, a bar shi a rana har ƙasan ya bushe ƙayau, in ka shafa hannu ba ka jin sanyi. Ƙasan jirgi a rarrabe yake da haƙarƙari, kowane da ɗan rami a gindinsa da ruwa ke bi zuwa baya. A toshe waɗannan ramukan da tsumma ko yumɓu, kowane ɗaki ya tsaya da kansa. Sai a barbaɗa hoda ko dakakken alli siriri a bangon baya ta ciki, a kewayen kowane noti, da bututun zubar ruwa, da kowane bututu da ya ratsa jikin jirgi, da tsawon ƙashin tsakiya, wato wanda ya bi tsakiyar ƙasan jirgi daga goshi zuwa baya. A naɗe kowane noti da takardar goge hannu.

Kada a tafi a dawo da safe. In aka bari ya kwana komai zai jiƙe, ba a san wa ya fara ba. A zauna da tocila da ƙaramin madubi, a duba bayan minti 15, bayan rabin awa, bayan awa ɗaya. Ruwa yana zana siririn layi mai duhu a cikin hoda. A bi layin zuwa sama, ba ƙasa ba, har inda ya ƙare. Wurin jiƙa mafi tsawo shi ne ƙofar. Da safe a auna abin da kowane ɗaki ya tara da gorar lita ɗaya da rabi, a rubuta.

Washegari a maimaita ana gudu: mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da tocila. A yi gudu miƙe, a yi kwana hagu da dama, a tsaya farat ɗaya, a ja da baya. Bayan kowanne a leƙa.

Maman Aisha, Marwa
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in saka tawa. Jirgin alminiyam ne mai ribit a tafkin Maga, shi ma yana tsattsafo ta ƙasa. Mai walda ya ce a kawo ya bi layin ribit ɗin da wuta. Daidai ne?

Usta Makanike, Kusuri
Hajiya, kada a bari. Tsakanin fallayen akwai abin toshiya da aka matse tun ƙera jirgin, zafin walda zai ƙone shi, ribit na maƙwabta su saki, fallen ya lanƙwashe. A yi gwajin da Ɗan Bakin Shari ya faɗa, ruwa kaɗan, a zagaye duk ribit mai ɗiga da alli ta waje. Ribit da ya saki yakan yi baƙin zobe a kewayen kansa. Gyaransa mutum biyu ne: ɗaya ya tokare kan da ƙarfe mai nauyi, ɗaya ya buga ɗaya gefen da guduma sau biyu ko uku, a hankali. Wanda ya ƙi, a huda shi a fitar, a sa sabo na alminiyam cikakke wanda ya ɗan fi shi kauri, da ɗigon gam. Ban da ribit ɗin bindiga mai rami a tsakiya, ta ramin ruwa zai bi. A kuma share ƙasan jirgin: guntun wayar tagulla ko ƙugiya in ta kwanta cikin ruwa a kan alminiyam, cin sa take yi har ta huda.

Baban Hamza, Garwa
Jama'a, an yi yadda Kawu ya ce. Ba a yi ruwan sama ba. Ɗakunan gaba biyu a bushe suka kwana. Na tsakiya ya tara kamar lita 2, ruwa fari. Na baya ya tara lita 14 cikin awa 12, da laka a gindin kwalba. Layin hoda ya fito daga notin inji na ƙasa ta hagu, takardar da ke jikinsa ta jiƙe tun minti 15 na farko, kuma kalar shayi ta yi. Toshiyar baya ba ta ɗiga. Da aka yi gudu, ruwa na shiga ta ramin kebur in an tsaya, robar a yage take. Wani abu kuma, famfo in ya tsotse ya tsaya, sai ruwa ya dawo ta tiyo, ya sake tashi.

Malam Injiniya, Injamena
Madalla, yanzu muna magana da lamba. Lita 14 a awa 12 kusan ɗigo 6 ne a daƙiƙa, noti ɗaya na iya bayar da wannan. Ragowar da ta cika 20 a sauran darare ruwan sama ne da ke bi ta tamfol.

Dawowar ruwa ta tiyo ba yoyo ba ne. Tiyo mai milimita 19 in ya kai mita 2, rabin lita da ɗoriya yake riƙewa, da famfo ya tsaya sai ya gangaro. In kwarin ƙarami ne, wannan rabin litar ta isa ta sake ɗaga makunnin da ke tayar da famfo, a yi ta yi har batir ya mutu, ina jin shi ya sa ake cire kan batir da dare. Wannan kuwa haɗari ne, jirgi mai yoyo ya kwana ba famfo.

Ɗan Bakin Shari, Injamena
A sa bawul mai hana ruwa komawa a bakin famfo, magana ta ƙare.

Usta Makanike, Kusuri
A'a ɗan'uwa. Irin wannan famfon fanka ce kawai ke juyawa a ciki, ba shi da ƙarfin turi. Ruwan da ya tsaya a kan bawul yakan fi ƙarfinsa, ka ji yana kuka ba abin da ke fita. Ga ɓawon kifi da yashi da zaren koma da ke maƙale bawul, ko a buɗe ko a rufe. Gara a rage tsawon tiyo, a sa mai santsin ciki maimakon mai gurgura, a ɗaga makunnin sama da gindin famfo da santimita 2 ko 3. Tiyon ya hau sama da ramin fita sannan ya sauko, don in jirgi ya karkata ramin ya nutse kada ruwan tafki ya gangaro ciki kai tsaye. Kowane baki a ɗaure da zoben ƙarfe mara tsatsa.

Lambar da ke jikin famfo kada ta ruɗe ku. Mai 500, wato galan 500, kusan lita 1,900 ne a awa, mai 1100 kusan lita 4,200, amma ba tiyo ba hawa aka auna. A cikin jirgi ka lissafa rabi ko ɗan fiye. Wayar makunni ta tafi batir kai tsaye da fis nata, girman da aka rubuta a jikin famfon, kuma mahaɗar waya ta kasance sama da inda ruwa ke kaiwa.

Baba Mai Fito, Lagdo
Ni lita 2 ɗin tsakiya nake kallo. Ruwa fari, ba a yi ruwan sama ba, gaba a bushe. Wannan soson da aka dura ƙarƙashin daɓe ne ya sha ruwa tun tuni yake tatsowa. Zai yi ta bayarwa ko an toshe duk ƙofa, har a ɗauka gyara bai yi ba. A danna shi da yatsa ta bakin murfi, in ruwa ya fito to ya sha. Alamarsa jirgi ya zauna ƙasa fiye da da, ya yi nauyin tashi, ya ƙara shan mai. Wanda ya sha sosai ba ya bushewa, yankewa ake yi a fitar. A kuma shafa ƙashin tsakiya ta waje daga goshi, inda ake jan jirgi kan yashi da dutse. In fenti ya cinye har zaren fiba ya bayyana, yana tsotsa a hankali ba tare da ya ɗiga ba.

Kawu Mai Fiba, Garwa
Alhaji, kalar shayin nan ita ce babbar magana, ta fi lita 14 muhimmanci. Bangon baya fiba ne waje da ciki, da filawud a tsakani mai kaurin kusan santimita 4. Shi ke ɗauke da inji. Ruwan da ya fito da wannan kalar ya jima yana kwana cikin katakon. Tambayar yanzu ita ce ya jiƙe ne kawai ko ya ruɓe, kuma zuwa ina.

A fito da jirgi tudu. A ɗaga inji sama, mutum ya kama ƙafarsa ya danna ƙasa da nauyinsa, wani na kallon bangon. In ya motsa, ko tsaga ta buɗe baki a kusurwa, ko ruwa ya tsatso a gindin noti, katako ya tafi. A duba washa ta ciki, in ta nutse cikin fiba haka ne. Sai a bi bangon da ƙwanƙwasa da ƙotar sukurudireba, taki ɗaya ɗaya: mai lafiya ƙara mai kaifi yake yi, ruɓaɓɓe ƙarar a dushe take. A zagaye wurin da ya dushe da alli.

Tabbaci na ƙarshe huda ne. Ta ciki, da bakin huda na milimita 6, a naɗa masa salatif a santimita 2 don kada a ratsa fatar waje. A huda santimita 5 daga notin, sannan 10, sannan 20, a tari garin a tafin hannu. Fari busasshe mai ƙamshin katako lafiya ne. Mai duhu da ke dunƙulewa in an matsa ya jiƙe. Baƙi mai laushi da wari ya ruɓe.

In ruɓar ba ta wuce yatsa biyu daga ramin ba, gyaran ƙarami ne. A sauke inji, a faɗaɗa ramin zuwa milimita 20 ko fiye har a kai katako mai lafiya, a ƙwaƙule baƙin, a bar shi ya bushe. A goge da asiton, ruwan cire maiƙo, a toshe gefe ɗaya da salatif, a cika ramin da gam mai ƙarfi na efoksi da aka kaurara da yankakken zaren fiba. In ya daskare a sake huda milimita 12 da rabi a tsakiyarsa. Daga nan noti ba ya ƙara taɓa katako. A yi wa duk huɗun haka, da ramukan gwaji. A sa noti mara tsatsa mai alamar A2 ko A4 a kansa, da farantin alminiyam mai kaurin milimita 5 ko 6 ta ciki maimakon ƙaramar washa. A cika ramin da ƙarƙashin kan noti da gam ɗin jirgi irin Sikaflex 291. Wajen ɗaurewa a riƙe kan kada ya juya, a juya na cikin kawai, in ba haka ba gam ɗin ya tsinke tun bai kama ba. A duba ranar da ke jikin bututun gam kafin a saya, zafin shaguna na daskarar da shi. Ban da mastik ɗin gyaran jikin mota, ruwa yake sha.

In ruɓar ta kai taki guda ko bangon na motsi, ba gam ɗin da zai yi magani. Sai an yanke fatar ciki, an fitar da katakon duka, an sa sabo falle biyu na milimita 18 an liƙe su, an rufe da fiba har ya kama gefuna da ƙasan jirgi.

Ɗan Bakin Shari, Injamena
Kawu, me ya hana gam ɗin 3M 5200? Ai ya fi ƙarfi.

Kawu Mai Fiba, Garwa
Ƙarfinsa ne matsalar. Noti ke riƙe inji, aikin gam toshe ruwa kawai. Ranar da za a sauke injin, 5200 da fentin jirgi zai taso. Kuma na asalin yakan kai kwana 7 kafin ya gama daskarewa. In na kamfanin ake so, 4200 ya fi dacewa da abin da za a sake kwancewa.

Malam Injiniya, Injamena
Ga wanda zai yi babban aikin da rezin na foliyesta, ruwan gam da ake jiƙa zaren fiba da shi. Ruwan daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo ɗaya, da sirinji ake aunawa ba da ido ba. A zafinmu a tsaya a kashi 1, kada a yi ƙasa da haka, a kwaɓa giram 300 a lokaci guda, a yi aiki da sassafe a inuwa. In ya fara kauri a kwano a zubar, kada a ƙara masa komai. Zaren fiba mai giram 450 a murabba'in mita yana shan rezin kusan ninki biyu da rabi na nauyinsa. A gurje bakin tsohon fiba a kwance, faɗin ya ninka kaurinsa sau 12, don sabo ya samu wurin kamawa. Efoksi na kama foliyesta, amma foliyesta ba ya kama efoksi da kyau, a kula da wanda ya riga wani. A sa tabarau da safar hannu, ruwan daskarwar nan in ya shiga ido makantarwa yake yi.

Baban Hamza, Garwa
Allah ya saka da alheri. An danna ƙafar inji, bangon bai motsa ba. Hudar santimita 5 ta ba da gari mai duhu da ke dunƙulewa, ta 10 ma haka amma da sauƙi, ta 20 fari ne. Baƙi mai laushi a bakin ramin kawai aka samu. Za a iya cikawa da efoksi wannan makon?

Kawu Mai Fiba, Garwa
Alhamdulillahi, ƙaramin gyara ne, amma ba wannan makon ba Alhaji. Efoksi ba ya kama jiƙaƙƙen katako, kuma a damshin damina katakon da ke kulle tsakanin fiba biyu ba zai bushe cikin kwanaki ba. Abin da ya fi shi ne jirgi ya zauna a tudu ƙarƙashin rumfa, goshi a ɗage, toshiyar baya a cire, inji a sauke, a ƙara huda 8 ko 10 ta ciki a kewayen wurin da ya jiƙe don iska ta ratsa. Iskar hunturu ce za ta yi aikin. A gwada da leda: a liƙa fara a kan ramukan da salatif ta kwana, in da safe akwai raɓa a cikinta bai bushe ba.

In ba makawa sai an shiga ruwa kafin nan, a zare notikan ƙasa biyu, a ƙwaƙule baƙin, a goge da asiton, a cika da Sikaflex, a mayar da faranti ta ciki, a toshe ramukan gwaji, a ba shi kwana biyu. Zai tsayar da yoyon na ɗan lokaci, katakon dai yana nan a jiƙe.

Usta Makanike, Kusuri
In aka ɗauki hanyar Kawu ta biyun, a sauya robar ramin kebur a rana ɗaya, a cire tsummokaran da aka toshe ramukan haƙarƙari don ruwa ya samu hanyar zuwa famfo, a ɗora tamfol a kan sanda mai tsawo ta tsakiya kada ya yi aljihu. Kada a buɗe wa inji wuta duka, kada a tara mutane a baya. Duk mako a sake danna ƙafar inji a duba washa, in noti ya fara neman ƙarin ɗauri to katakon na lotsawa ne, a fito da jirgin.